Isaac Asimov: Ɗan mai kantin alewa da ya bar ɗakin gwaji don ya fahimtar da talakawa kimiyya

A watan Yunin 1950, lokacin da Najeriya ke hannun Turawan mulkin mallaka, wata mujalla a Amurka ta buga wani gajeren labari da ya hango duniya a shekarar 2052. A cikin labarin an rushe iyakokin ƙasashe, an raba doron ƙasa gida huɗu, ɗaya daga cikin yankunan kuma ya haɗa mafi yawan Afirka da mafi yawan Kudancin Amurka. Marubucin ya ɗora babban birnin wannan yanki a kan tuddan Najeriya: sabon birni fil da aka gina daga tushe, mai riƙe da shi kuwa wani baƙar fata ne da ake kira Lincoln Ngoma. Sai bayan shekara 26 Janar Murtala Muhammad ya ba da sanarwar gina Abuja. Gwamnati ta tare a can ranar 12 ga Disamban 1991, wata huɗu kafin mutuwar mai labarin.

Sunansa Isaac Asimov, wato Isiyaku a bakin Bahaushe. Ba boka ba ne, kuma bai taɓa cewa ya san gaibu ba. Hasashensa da ya faɗi ƙasa ya fi wanda ya tabbata yawa. Malamin kimiyyar sinadarai ne da ya rubuta ko ya shirya littattafai sama da 500. Duniya ta fi tunawa da shi saboda ƙagaggun labaransa na mutum-mutumi da daulolin taurari. Amma kaso mafi girma na rayuwarsa ya tafi ne a kan wani aiki da bai kai wancan ƙyalli ba: ɗauko abin da masana suka sani, a mayar da shi cikin harshen da direban tasi da ɗalibar sakandare za su gane. Wannan aikin ne ya fi shafar mutumin Anka, Gummi da Bukkuyum.

Kantin da ba ya rufewa

An haife shi a Petrovichi, wani ƙauye a yankin Smolensk na ƙasar Rasha, cikin hargitsin yaƙin basasar da ya biyo bayan juyin juya halin 1917. Iyayensa Yahudawa ne masu sana'ar niƙan hatsi. Ba su riƙe ainihin ranar haihuwarsa ba, kamar yadda yake ga kakannin mutane da yawa a ƙasar Hausa, sai daga baya ya tsayar da 2 ga Janairun 1920. A 1921, bisa abin da iyayen suka ba shi labari, ciwon namoniya ya kama yara 17 a ƙauyen. Shi kaɗai ya tashi.

A watan Fabrairun 1923 jirgin ruwa ya sauke su a New York, babu kuɗi, babu Turanci. Mahaifinsa Judah, wato Yahuza, ya yi 'yan buga-buga har ya tara abin da ya buɗe kantin alewa a unguwar Brooklyn a 1926. Irin kantin nan ne da ake samun alewa, lemo, taba, jaridu da mujallu. Ana buɗewa ƙarfe shida na safe, ba a rufewa sai ɗayan dare, kwana bakwai a mako. Duk ɗan gidan ma'aikaci ne. Isaac ya tsaya a kanta, ya raba jaridu gida-gida, ya ci abinci a tsaye. Ya girma ba tare da sanin abin da ake kira hutu ba, kuma har ya mutu bai koya ba.

Yana shekara biyar ya koya wa kansa karatu. Mahaifiyarsa ta ƙara masa watanni a takarda don a karɓe shi makaranta da wuri, a duniyar da aka fi sabawa da masu rage shekaru. Mujallun labarai masu arha, waɗanda ake bugawa a kan takarda mara kyau, suna jere a gabansa kullum, amma uban ya hana shi taɓawa, don a ganinsa shirme ne da ke lalata yara. A 1929 yaron ya ga wata sabuwa mai suna Science Wonder Stories. Ya nuna wa uban kalmar kimiyya a jikin sunan, ya ce ai wannan karatu ne. Dattijon ya sakar masa. Sharaɗin kawai shi ne ya karanta a hankali, ya mayar da ita kamar ba a buɗe ba, domin kayan sayarwa ce.

Ya gama sakandare yana shekara 15. Jami'ar Columbia ba ta ɗauke shi a babbar kwalejinta ba. Ta tura shi wani reshe a Brooklyn mai suna Seth Low, wanda aka tanada don kwashe 'ya'yan Yahudawa da na Italiyawa da suka cancanta amma ba a son su yi yawa a tsakar gida. Ya fara da nazarin dabbobi, ya gudu bayan an sa shi feɗe kyanwa, ya koma kimiyyar sinadarai. Uban na son ya zama likita. Sau biyu yana neman makarantun likitanci, duk suka ƙi shi. Ya samu digirin farko a 1939, na biyu a 1941, sannan digirin digirgir a 1948, bayan yaƙin duniya ya katse masa karatu.

Edita da almajirinsa

A watan Yunin 1938 ya kammala labarinsa na farko. Kuɗin aika shi ta gidan waya santi 12 ne, kuɗin jirgin ƙasa zuwa da dawowa santi 10. Ɗan mai kanti ya yi lissafi, ya kai da kansa. Editan mujallar Astounding, John W. Campbell, ya zauna da wannan yaro ɗan shekara 18 fiye da awa guda. Bayan kwana biyu labarin ya dawo, tare da doguwar wasiƙa da ke bayyana inda ya gaza. Wata mujallar ce, Amazing Stories, ta fara buga shi a watan Maris na 1939, ta biya shi dala 64. Amma Campbell ne ya zama malaminsa, wanda yake kai wa ziyara a kai a kai, su yi ta jefa wa juna dabaru.

Daga irin wannan zama ne Nightfall ya fito a 1941. Labarin wata duniya ce mai rana shida, inda ba a san dare ba. Sau ɗaya a cikin shekara 2,049 ake yin husufin da ke kawo duhu, taurari su bayyana, mutane su haukace don tsoro, su cinna wa biranensu wuta don neman haske. Wasu 'yan masana sun gano abin da ke tafe, sun yi gargaɗi, an yi musu dariya. Bahaushe ya riga ya taƙaita labarin da cewa rashin sani ya fi dare duhu. A 1968 ƙungiyar marubutan wannan fanni a Amurka ta zaɓe shi a matsayin gajeren labarin da ya fi kowane a cikin waɗanda aka rubuta kafin 1965. Yana shekara 21 ya rubuta shi.

Dangantakarsa da Campbell ba ta rasa ƙura ba. Editan na da aƙidar fifita farar fata, yana kuma son duk labarin da ɗan Adam ya haɗu da wasu halittu ya ƙare da ɗan Adam a sama. Asimov, wanda 'yan'uwansa Yahudawa ke shan kisa a Turai a daidai lokacin da sunan fifikon jinsi, ya gane abin da ake nufi. Bai yi fito-na-fito da mai ba shi abinci ba. Sai ya cire baƙin halittu daga mafi yawan labaransa, ya cika sararin samaniya da mutane zalla. Wasu na ganin hikima ce, wasu na ganin kauce wa faɗa ne. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya.

Kafin zuwansa, mutum-mutumi a labari galibi dodo ne da ke juyowa ya halaka wanda ya ƙera shi. Asimov ya ce injiniya ba ya ƙera wuƙa ba tare da ƙota ba. A labarin Runaround na 1942 ya jera dokoki uku da aka dasa a ƙwaƙwalwar kowace na'ura. Kare ran ɗan Adam ne a sama. Biyayya ga umarninsa na biye, muddin ba ta taka ta farko ba. Kare kai ne a ƙarshe. Shi ne kuma ya fara amfani da kalmar da Turanci ke kiran ilimin ƙera mutum-mutumi da ita a yau, yana zaton tsohuwar kalma ce.

Masu ambaton dokokin nan a muhawarar ƙirƙirarriyar basira sukan manta cewa kusan kowane labari a littafin I, Robot na 1950 yana nuna inda suka cije ne. Akwai na'urar da ke karanta zukata, wadda ta dinga yi wa mutane ƙarya tana faɗa musu abin da suke son ji, saboda a fahimtarta ɓacin rai ma cutarwa ne. Duk wanda ya ga yadda lauyoyi ke juya sashe guda na kundin tsarin mulki zai gane darasin: rubuta doka abu ne mai sauƙi, rigimar na wurin fassara. Labarin da ya sa birni a Najeriya, The Evitable Conflict, shi ne ya rufe littafin, kuma ya fi sauran ban tsoro ko da yake babu jini a cikinsa. Manyan na'urori ne ke tafiyar da tattalin arzikin duniya. Babu yunwa, babu yaƙi. Sai aka gano suna yin 'yan kura-kurai da gangan don su kawar da masu adawa da su daga muƙamai, a hankali, ba tare da cutar da kowa sosai ba, wai don amfanin bil'adama. Asimov ya gabatar da wannan kamar kyakkyawan ƙarshe. Mai karatun da ya san jawabin juyin mulki, inda kowane soja ke cewa ya zo ceton al'umma ne, yana da dalilin ƙin yarda da shi.

Daular da ke faɗuwa

Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a wata cibiyar gwaje-gwaje ta sojan ruwa a Philadelphia, daga 1942 zuwa 1945. A 1942 ɗin ya auri Gertrude Blugerman, wadda ta haifa masa David da Robyn. A waɗannan shekaru ne ya fara jerin labaran Foundation, bayan ya karanta tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon.

Wani masanin lissafi, Hari Seldon, ya ƙirƙiro ilimin da ke hango makomar al'umma. Ba zai iya faɗin abin da mutum ɗaya zai yi ba, amma zai iya faɗin abin da biliyoyi za su yi, kamar yadda ba a san inda ƙwayar gero ɗaya za ta faɗa ba amma an san siffar tsibin. Lissafinsa ya nuna daular da ke mulkin taurari za ta rushe, duhun jahilci na shekara 30,000 ya biyo baya. Rushewar ba ta da makawa. Abin da za a iya shi ne rage duhun zuwa shekara 1,000, ta hanyar tara masana a wata duniya can gefe su adana ilimi. Ɗalibin da ya san Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wanda tun ƙarni na 14 ya ce dauloli na da shekarun ƙuruciya da na tsufa, ba zai ji tunanin baƙo ba.

Abin da ya ɗaga labarin shi ne Asimov ya yarda ya karya nasa tsarin. A tsakiya wani mutum guda ya ɓullo, mai baiwar juya zukata, wanda lissafi bai hango ba, ya watsa shirin. An tattara labaran a littattafai uku tsakanin 1951 da 1953, a 1966 kuma suka ci kyautar Hugo ta jerin da ya fi kowane, har suka doke The Lord of the Rings. Paul Krugman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2008, ya sha faɗin cewa son zama irin Seldon ne ya kai shi wannan fanni.

Akwai wani ƙaramin labari na 1955, Franchise, da ya dace da masu bin siyasa. Bayan kwamfuta ta yi hasashen sakamakon zaɓen Amurka na 1952 daga ƙuri'u kaɗan, Asimov ya ja zaren har ƙarshensa: a shekarar 2008 ta labarin, an daina zaɓe. Kwamfuta na zaɓo mutum ɗaya tak, ta yi masa tambayoyi, ta fitar da sakamakon ƙasa baki ɗaya, shi kuma ya koma gida yana alfahari da cewa jama'a sun yi zaɓi. Waɗanda suka bi ce-ce-ku-cen na'urar BVAS da shafin IReV a 2023 sun san tambayar da ke ƙasa: wa ke duba na'urar, kuma wa zai gane in ta karkace?

Rabuwa da jami'a

A 1949 ya fara koyar da kimiyyar sinadaran jikin halitta a makarantar likitanci ta Jami'ar Boston. Ɗalibai na cika ajinsa. A ɗakin gwaji kuwa, shi da kansa ya amsa cewa bai fi matsakaici ba. Babu wani binciken da ake tunawa da shi a kansa. Hukumar makarantar na son bincike, shi yana son rubutu. A 1958 aka tsayar da albashinsa. Ya yi tsayin daka aka bar masa muƙaminsa na mataimakin farfesa, ba tare da ko sisi ba, domin a lokacin abin da alƙalami ke kawo masa ya riga ya wuce albashin. Sai a 1979 jami'ar ta ba shi cikakken farfesa, bayan sunansa ya fi na waɗanda suka kore shi nisa.

Abin da ya ƙarasa juya shi ya faru a watan Oktoban 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Amurka ta firgita, ta gano jama'arta ba su san kimiyya ba. Asimov ya kusan ajiye ƙagaggun labarai na tsawon shekaru, ya koma bayani. Daga Nuwamban 1958 ya riƙa rubuta maƙalar kimiyya duk wata a wata mujalla, har guda 399, bai taɓa tsallake wata ba sai da ciwon ajali ya kwantar da shi. Ya yi littattafai kan jini, ƙwaƙwalwa, lissafi, taurari, tarihin Masar da Girka, wasannin Shakespeare, har da sharhin Baibul mai juzu'i biyu, duk da cewa shi bai yi imani da wani addini ba, kuma bai ɓoye hakan ba. Littafinsa na 100 ya fito a 1969, na 200 a 1979, na 300 a 1984. Gaskiya ne cewa da yawa daga na ƙarshen tarin labaran wasu ne da ya shirya tare da abokan aiki, kuma yana da son ƙirga kansa. Ko an cire waɗannan, abin da ya rage ya fi ƙarfin mutum goma.

Yakan zauna gaban tafireta tun safe, a ɗaki rufe, kullum. Yana tsoron jirgin sama, sau biyu kacal ya hau a rayuwarsa, mutumin da ya kai miliyoyi yawon taurari. Salonsa ba shi da ado, masu sharhin adabi sun yi ta yi masa gori a kan haka. Da niyya ya yi. Yakan fara da abin da mai karatu ya sani, ya bi tarihin yadda aka gano abu, da kura-kuran da aka yi a hanya, har mai karatu ya ji kamar da shi aka gano. A wata maƙala da ya rubuta wa Newsweek a Janairun 1980 ya koka kan yadda ake ɗaukar jahilci da sani a matsayin ra'ayoyi biyu masu daraja ɗaya da sunan dimokuraɗiyya. Hujjarsa ita ce 'yancin sanin abin da gwamnati ke yi ba shi da amfani ga wanda ba zai iya fahimtar abin da aka faɗa masa ba.

Agwagin Dareta

A 1957 ya fitar da Building Blocks of the Universe, littafin matasa da ya bi sinadaran da aka gina duniya da su ɗaya bayan ɗaya, har da zinare da dalma. Cewa dalma guba ce ba sabon ilimi ba ne ko a wancan lokaci. Likitocin Girka da Rum sun san haka. Ilimin ya yi shekara dubu biyu a rubuce. Bai isa ƙauyukan yammacin Zamfara da harshen da ake ji ba.

Da farashin zinare ya tashi bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, manoma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum suka koma haƙa. Dutsen da suka samu na ɗauke da dalma mai yawan gaske. Ana kawo shi cikin gida, mata su daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya ɗauki hakan gargaɗi. Sai yara suka fara amai da jijjiga. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, gwajin jini kuma ya nuna gubar dalma. Binciken da aka yi a Dareta da 'Yargalma ya gano cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda. Jimillar waɗanda suka rasu a yankin, har da Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega, ta kai aƙalla 400. Dubbai sun rayu da gubar a jikinsu.

Bayanin abin da ya faru bai fi shafi biyu ba a hannun mai irin baiwar Asimov. Jiki na ɗaukar dalma a matsayin sinadarin da ke gina ƙashi, sai ya buɗe mata ƙofa. Hanjin yaro na tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba, ga shi kullum hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki. Tana isa ƙwaƙwalwar da ba ta gama ginuwa ba, ta kumbura ta, ko ta rage mata kaifi har abada. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa. In ta shiga ƙasar tsakar gida tana nan sai an kankare an kwashe. Akwai maganin da ke kamo ta ya fitar ta fitsari, amma ba shi da amfani in yaron zai koma kan ƙasar da ta ba shi ciwon. Shi ya sa jinkirin kwashe ƙasar Bagega ya zama hukuncin kisa a hankali: likitoci na jira, kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari a 2012 sun maƙale. Sai a farkon 2013 aka sake su, bayan matsin lambar ƙungiyoyi da gangamin matasa na Follow The Money, wanda Hamzat Lawal na cikin jagororinsa. Matasan sun yi irin aikin Asimov ne ta wata fuska: sun ɗauki rahoton masana da alƙaluman kasafi, sun mayar da su maganar da kowa zai iya maimaitawa.

A nan ne kuma iyakar tunaninsa ke bayyana. Asimov ya yi imani cewa in mutane suka gane, za su gyara. Uban da gonarsa ba ta ciyar da gidansa zai iya sanin illar dutsen sarai, ya ci gaba da haƙa. A 2015 irin wannan annoba ta sake kashe yara a Jihar Neja, shekara biyar bayan duniya ta ji labarin Zamfara. Haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin tarayya ta sa a jihar a 2019, ta ɗage a ƙarshen 2024, saboda tsaro aka yi shi, ramukan kuma ba su daina aiki ba. Sani bai isa shi kaɗai ba. Sai dai uwar da ta san ƙurar ce ke kashewa za ta iya hana a shigo da dutsen cikin gida, wadda ba ta sani ba kuwa ko wannan zaɓin ba ta da shi.

Hausa ba ta rasa masu fara wannan aiki ba. A daidai shekarun da Asimov ke shiga Jami'ar Boston, Abubakar Imam da Rupert East sun fitar da Ikon Allah a Zariya, suna bayyana halittu da yadda duniya ke aiki cikin Hausa mai daɗi. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawon sararin samaniya. An share fili, an yi shuka, ba a dawo an yi noma ba. Kasuwar littattafan Hausa ta bunƙasa daga shekarun 1980 da dubban labarai, amma ɗalibin Gummi da ke son sanin abin da ke cikin rijiyar garinsu sai ya bi ta Turanci tukuna.

Tabo

Akwai abin da masoyansa suka daɗe suna rufewa da dariya. Asimov ya shahara da taɓa jikin mata ba da izininsu ba, a tarukan marubuta da ofisoshin masu buga littattafai. Ba a ɓoye yake yi ba. Ya mayar da abin barkwanci, manyan fannin kuma suka taya shi. Matan da ke aiki a waɗannan wurare sun koyi kauce masa. Marubucin tarihi Alec Nevala-Lee, wanda ya fitar da littafi kan Campbell da almajiransa a 2018, ya tattaro shaidu a kai, da yawansu daga rubutun Asimov kansa. Mutumin da ya goyi bayan 'yancin mata a takarda, ya kuma ƙirƙiro Susan Calvin, masaniyar da ta fi duk mazan labaransa kaifin basira, ya taimaka wajen mayar da fannin wurin da mata da yawa suka ƙaurace wa. Ba a san adadin marubutan da aka rasa ta haka ba, domin wadda ta tafi ba ta barin littafi.

Aurensa na farko ya mutu a 1973, a shekarar ya auri Janet Jeppson, likitar ƙwaƙwalwa kuma marubuciya. A 1982 ya koma wa Foundation bayan shekara 30, littafin ya shiga jerin waɗanda aka fi saye na jaridar New York Times, karo na farko a rayuwarsa. Ɗaya daga cikin littattafansa na ƙarshe, Our Angry Earth, wanda ya rubuta da Frederik Pohl a 1991, kan gurɓatar muhalli da ɗumamar yanayi ne.

Ya yi fama da bugun zuciya a 1977, a Disamban 1983 kuma aka yi masa tiyatar jijiyoyin zuciya. An yi masa ƙarin jini a lokacin da ba a fara tantance jini don gano ƙwayar cutar ƙanjamau ba. Jinin na ɗauke da ita. Da aka gano bayan shekaru, likitocinsa suka ba shi shawarar ya yi shiru, saboda ƙyamar da ake nuna wa masu cutar za ta iya shafar iyalinsa. Mutumin da ya bayyana wa duniya yadda jini ke aiki, wanda kalmarsa ɗaya za ta iya rage wa dubbai kunya, ya bi shawarar.

Ya mutu a New York ranar 6 ga Afrilun 1992, yana da shekara 72. Sanarwar da aka bayar ta ce ciwon zuciya da na ƙoda ne. Sai a 2002 matarsa Janet da 'yarsa Robyn suka yanke shawarar faɗin gaskiya, a ƙarshen wani littafin tarihinsa da Janet ta shirya, bayan yawancin likitocin da suka ce a yi shiru sun riga mu gidan gaskiya.